An ce ba za a ba ni mofin da yawa ba bayan tiyatar rage ƙiba, to da me za a kashe mini zafi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni mace ce mai shekara 41, nauyina kilo 136, tsayina santimita 163. An sa mini ranar tiyatar rage tumbi, irin wadda ake yanke mafi yawansa a cire. Ina da ciwon suga, kuma gwajin barci ya nuna numfashina yana ɗaukewa da dare, har an ba ni na'urar CPAP, wadda ke hura mini iska ta hanci ina barci don kada numfashin ya ɗauke. Da na ga likitan sa barci sai ya ce zai taƙaita amfani da mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, sosai. Gaskiya hankalina ya tashi, domin an taɓa yi mini tiyatar haihuwa, na san yadda zafin yake. Shin barina za a yi da ciwo? In ba mofin ba, da wane magani za su yi aiki?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa a yi a sa'a, ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Ki kwantar da hankalinki, ba za a bar ki da ciwo ba. Abin da likitanki ya faɗa miki shi ne abin da ni ma zan faɗa da a gabana kike zaune, kuma ba rowar magani ba ce. Zan yi miki bayanin dalili da ɗan tsawo, domin mara lafiyar da ta fahimci shirin da aka yi mata ta fi samun sauƙi idan ta farka.

Mu fara da numfashinki, domin a kansa aka gina komai. Mai ƙiba sosai idan ya kwanta rigingine, nauyin ciki yana tura huhu sama, sai iskar da ke saura a huhu bayan kowane numfashi ta ragu. Wannan ragowar iskar ita ce ajiyar da jiki ke ci idan numfashi ya tsaya na ɗan lokaci, taki kuwa kaɗan ce. Ga shi kuma maƙogwaronki yana rufewa idan barci ya yi nauyi. Abin da ke ceton ki kowane dare shi ne, da iskar jini ta fara sauka sai ƙwaƙwalwa ta zabura, ki ɗan farka, ki ja numfashi da ƙarfi, ki koma barci ba tare da kin sani ba. To mofin da danginsa suna taɓa wannan tsarin ta wuri uku a lokaci guda. Suna rage yadda ƙwaƙwalwa ke jin taruwar gurɓatacciyar iska a jini, suna saki tsokar maƙogwaro, sannan suna danne wannan zaburar da ke tashin ki. Adadin da zai sa wani siriri barci mai daɗi, ke yana iya tsayar miki da numfashi cikin dare, a lokacin da kowa ke ganin kina hutawa. Wannan shi ne abin da muke tsoro, kuma ba daren farko kaɗai ba, domin ɗaukewar numfashi kan ƙara tsanani a dare na biyu da na uku bayan tiyata.

Akwai dalili na biyu, wato amai. Dangin mofin suna tayar da zuciya suna kuma sa hanji ya yi kasala. Wanda aka mayar da tumbinsa kamar siririn bututu, aka ɗinke gefensa da ƙusoshin ƙarfe ƙanana, yunƙurin amai azaba ne a gare shi, kuma yana hana shi kurɓar ruwa. Tashin zuciya da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin manyan abubuwan da ke dawo da mutane asibiti bayan irin wannan aiki. Shi ya sa ƙa'idojin ƙungiyar ERAS na saurin farfaɗowa bayan tiyatar ƙiba, waɗanda suka fara fitowa a 2016 aka kuma sabunta su daga baya, suka tsaya a kan haɗa magunguna daban-daban domin a rage dogaro da mofin.

Game da tiyatar haihuwa da kika ambata, wannan ta bambanta da ita. Yanzu kusan duk aikin rage tumbi da kyamara ake yin sa, ta ƙananan huji kamar huɗu zuwa biyar, kowanne bai fi santimita ɗaya da ɗan abu ba. Zafin da za ki ji iri uku ne, kuma kowanne da maganinsa. Akwai na fata da tsoka inda aka huda, wanda ya fi tsanani a hujin da aka faɗaɗa aka zaro yankakken tumbin ta cikinsa. Akwai na can ciki, mai kama da murɗa ko matsewa a ƙasan ƙirji. Sai kuma ciwon kafaɗa, wanda kan ba mutane mamaki tunda ba a taɓa kafaɗar ba. Iskar da ake hurawa cikin ciki don likita ya samu fili ita ce ke gogar shimfiɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki, jijiyar wurin kuma daga wuya ta taso, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka kafaɗa ce ke ciwo. Wannan na ukun ma mofin ba ya yi masa wani abin kirki. Fitar da iskar sosai kafin a rufe, da tashi a taka da wuri, su ne suka fi amfani.

Yanzu ga magungunan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka muke tare zafin ta hanyoyi da dama, kowane magani a ba da shi daidai gwargwado yadda illarsa ba za ta fito ba.

Ginshiƙin farko shi ne farasitamol, kuma kada ki raina shi don ana ganinsa a kowane gida. Idan aka ba da giram 1 ta jijiya, aka maimaita duk bayan awa 6 a kan lokaci ba tare da jiran ciwo ya taso ba, yana rage buƙatar mofin ƙwarai, kuma ba ya taɓa numfashi. Iyakarsa giram 4 a awa 24, kuma ba a ƙara shi don mutum yana da nauyi. Masu ƙiba da yawa suna da kitse a hanta, saboda haka ake duba gwajin hanta tukuna.

Na biyu shi ne allurar kashe wuri, wato bufibaken ko rofibaken. A ganina nan ne ake cin riba mafi yawa da haɗari mafi ƙanƙanta, kuma abin takaici wasu wuraren suna yin sakaci da shi. Mafi sauƙi shi ne likitan fiɗa ya tsira allurar a kowane huji. Abin da ya fi wannan shi ne allurar da ake kira TAP, wadda aka fara bayyana ta a 2001. Ana zuba maganin ne tsakanin shimfiɗu biyu na tsokar bangon ciki, inda jijiyoyin da ke kai saƙon zafi suke ratsawa. Likitan sa barci na iya yin ta da na'urar hoton ciki, amma a jikin mai kitse da yawa ganin shimfiɗun yakan yi wuya, shi ya sa sau da yawa likitan fiɗa ke yin ta daga ciki yana kallo da kyamara. Tana ɗaukar awanni da dama, galibi ta raka mutum cikin daren farko. Sai dai bangon ciki kawai take kashewa, ba ta kai wa ga murɗar can ciki. Allurar baya irin ta masu naƙuda kuwa ba a cika buƙatarta ba sai idan buɗe ciki aka yi gaba ɗaya.

Na uku shi ne deksametason, yawanci miligiram 8 sau ɗaya bayan kin yi barci. Don hana amai ake ba da shi, amma yana rage kumburi da zafi ma. Na san mai ciwon suga za ta tambaya. Gaskiya ne yana ɗaga suga na kusan kwana guda, don haka za a riƙa auna miki ana gyarawa da insulin idan ta kama. Tsoron da aka daɗe ana yi cewa yana sa rauni ya ruɓe, wani babban bincike mai suna PADDI da aka buga a 2021, wanda ya ƙunshi mutum sama da 8,000 har da masu ciwon suga, bai ga ƙarin ruɓewar rauni ba da wannan adadi. Idan sugarki na kan hanya, ni zan ba ki shi.

Sai dangin ibufrofen, diklofenak da ketorolak. A nan ne likitoci suka fi saɓani, kuma saɓanin yana da tushe. Magunguna ne masu ƙarfi a kan irin wannan zafi, ba sa sa barci, ba sa danne numfashi. Amma suna rage kariyar bangon tumbi, suna iya ƙara zubar jini, kuma suna takura ƙoda, musamman ga mai ciwon suga da ba ta shan ruwa isasshe. Wanda aka yi wa tiyatar karkatar da hanya, inda ake haɗa ɗan ƙaramin tumbi da hanji kai tsaye, gyambo yana saurin fitowa a mahaɗar, shi ya sa akan hana shi waɗannan magunguna na dogon lokaci, wasu ma har abada. Irin taki tiyatar an fi sassautawa. Wurare da yawa suna ba da allura ɗaya ko na kwana ɗaya zuwa biyu a asibiti, tare da maganin rage tsamin ciki irin su omefrazol, idan gwajin ƙoda ya yi kyau kuma likitan fiɗa ya gamsu babu inda ke tsiyayar jini. Wasu sun fi son selekoksib, wanda ya fi sauƙi a kan tumbi kuma ba ya hana jini daskarewa. Wannan shawara ce da likitan fiɗa da na sa barci za su yanke tare, amma da kin koma gida kada ki saya da kanki.

Akwai kuma wasu da ake sakawa cikin ƙarin ruwa kina barci, ba za ki ma san an ba ki ba. Ketamin tsohon maganin sa barci ne, amma ɗan kaɗan daga cikinsa, kamar rubu'i zuwa rabin miligiram a kowane kilo, yana hana lakar baya ta riƙa ninka saƙon zafi, kuma a wannan adadi ba ya taɓa numfashi. Ya fi amfani ga wanda dama ya daɗe yana shan dangin mofin. Idan ya yi yawa ne yake kawo mafarkai masu firgitarwa. Magnesiyam yana aiki ta kusan hanya ɗaya da shi, sai dai yana tsawaita aikin maganin da ke saki tsoka, don haka dole a auna ƙarfin tsoka kafin a cire bututun numfashi. Lidoken ta jijiya yana taimaka wa zafin ciki da motsin hanji, amma ɗan'uwan bufibaken ne, gubarsu tana haɗuwa. Shawarar masana da aka buga a 2021 ta ce kada a haɗa shi da allurar kashe jijiya irin TAP a lokaci guda, a bar tazarar aƙalla awa 4. Ke nan sau da yawa zaɓi ake yi, ko TAP ko lidoken ta jijiya.

Deksmedetomidin ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne aka fi yayatawa. Yana kwantar da jiki, yana rage zafi da tashin zuciya, kuma ba ya danne numfashi kamar mofin. A kansa ne aka gina salon sa barci ba tare da dangin mofin ko kaɗan ba, wanda likita Jan Mulier na birnin Bruges a Beljiyam ya yi fice wajen yaɗa shi a tsakanin masu tiyatar ƙiba. Salon yana da amfani na gaske, musamman wajen rage amai. Amma maganin yana rage bugun zuciya yana kuma saukar da jini. Wani bincike da aka yi a Faransa mai suna POFA, wanda aka buga a 2021, an dakatar da shi bai kammala ba bayan mutum 5 da aka ba wannan magani bugun zuciyarsu ya faɗi ƙasa matuƙa. Ba a kan masu tiyatar ƙiba aka yi shi ba, kuma adadin da aka ba su yana da yawa, duk da haka darasin ya isa. Ni ina amfani da shi kaɗan-kaɗan, kuma ba na yarda da mayar da gudun mofin wata aƙida. Abin da muke nema shi ne ki farka idonki biyu, kina numfashi da kyau, zafinki mai jurewa. In hakan ya buƙaci ɗan mofin, a ba ki.

Gabafentin da firegabalin kuwa an yi yayinsu a da, amma a Disamba 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa suna iya danne numfashi, musamman idan aka haɗa su da dangin mofin. Ga mai ɗaukewar numfashi irinki ba zan fara su ba.

Wani abu da ba a cika yi wa marasa lafiya bayaninsa ba shi ne yadda ake lissafin adadi. Yawancin magunguna da kilo ake auna su, amma ba da kilo 136 ɗinki za a auna ba. Kitse ba ya samun jini kamar tsoka da hanta da ƙoda, don haka maganin da aka tura ta jijiya yakan fara taruwa ne a jini da ƙwaƙwalwa da zuciya. Muna amfani da nauyin da ya dace da tsayinki, wanda a wajenki ya kama kilo 55 zuwa 58, ko kuma nauyin jiki ban da kitse, wanda a mace da wuya ya wuce kilo 70 komai ƙibarta. Ɗauki lidoken misali, miligiram ɗaya da rabi a kowane kilo. Da nauyin da ya dace da ke zai kama kusan miligiram 87. Da a ce da nauyin sikeli aka auna, zai haura 200, ya ninka fiye da sau biyu, kuma hakan na iya kawo jijjiga ko rikicewar bugun zuciya. Saboda kitsen ne kuma ba ma son allurar ɗuwawu ko cinya a gare ki, domin sau da yawa a kitse allurar ke tsayawa, ba wanda ya san yaushe maganin zai shiga jini.

To idan duk da wannan zafin ya fi ƙarfinki fa? Sai a ba ki mofin ko ɗan'uwansa fentanil ta jijiya, kaɗan-kaɗan, ana ba ki ana dubawa, har ya lafa. Wasu asibitoci suna da na'urar da mara lafiya ke danna maɓalli da kansa ta ba shi kamar miligiram 1 na mofin, sannan ta kulle na 'yan mintoci. Tsaron wannan na'ura yana cikin cewa idan barci ya fara ɗaukarki ba za ki iya dannawa ba. Saboda haka ina roƙonki ki gaya wa mai jinyarki, ko miji ne ko 'ya ko ƙanwa, kada kowa ya danna miki don tausayi kina barci. Kuma ga mai irin matsalarki ba a saita na'urar ta riƙa ɗigo da kanta ba tare da an danna ba. Idan ƙodarki ta fara rauni, mofin yana barin wani saura a jini mai ci gaba da aiki, sai a fi son fentanil. Kada a haɗa miki su da maganin barci irin diyazefam, ko maganin amai mai sa gyangyaɗi irin furometazin, akwai ondansetiron da ba ya sa barci. Alamar haɗari ta farko ita ce nauyin barci, mutum ana magana da shi yana lumshe ido a tsakiyar zance, tun kafin na'urar yatsa mai auna iskar jini ta nuna iska ta sauka, balle idan an sa masa oksijin a hanci. Nas mai ƙwarewa tana ƙirga numfashi tana kuma tashin mara lafiya ta ga yadda yake amsawa, kuma maganin warware mofin, wato naloksan, yana kusa.

Ke ma kina da naki aikin. Ki tafi asibiti da na'urarki ta CPAP, ki sa ta duk lokacin da za ki yi barci, ko da rana ne. Wasu suna tsoron iskarta za ta fasa ɗinkin tumbi, amma bincike bai nuna haka ba. Ki kwanta an ɗaga kan gado, kada ki miƙe rigingine. Ki yarda a tashe ki ki taka a ranar da aka yi aikin, domin yana rage ciwon iska yana kuma kare ki daga daskarewar jini a ƙafa. Idan aka tambaye ki zafin daga sifili zuwa 10, ki faɗi na lokacin da kike kwance da na lokacin da kika motsa ko kika yi tari, kada ki ɓoye don kunya ko don a ce kina da haƙuri. Ma'aunin da muke bi shi ne ki iya jan dogon numfashi, ki yi tari, ki taka, ki kurɓi ruwa. In ciwo ya hana ki ɗaya daga cikin waɗannan, maganin bai isa ba, ki yi magana.

Kafin ranar kuma ki faɗa wa likitan sa barci duk abin da kike sha, ba tare da jin nauyi ba. Idan kina shan tiramadol ko kodin a kai a kai don ciwon gwiwa ko baya, dole mu sani, domin jikinki ya saba, kuma yanke su kwatsam zai jefa ki cikin wahala. Idan kina shan maganin damuwa, tiramadol na iya karo da shi. Idan kina allurar rage ƙiba ko suga irin semagulutayid, tana jinkirta fitar abinci daga tumbi, hakan yana shafar yadda za a sa ki barci. Ki kuma faɗi idan kin taɓa yin amai mai yawa bayan tiyatar haihuwarki, sai a zaɓi sa ki barci da furofofol ta jijiya maimakon iskar shaƙa, domin ya fi rage tashin zuciya.

Idan an sallame ki, yawancin mutane farasitamol na ruwa ko mai narkewa ya ishe su na 'yan kwanaki. Manyan ƙwayoyi da waɗanda aka yi su don su riƙa narkewa a hankali ba su dace da sabon tumbi ba, kuma irin waɗannan na biyun ba a daka su. In an haɗa miki da wani daga dangin mofin, na kwana biyu zuwa uku ne, kuma kada ki sha shi ki kwanta babu CPAP. Zafin wannan tiyata raguwa yake yi kullum. Idan kika ga yana ƙaruwa bayan ya fara sauƙi, ko sabon ciwo ya taso a kafaɗar hagu bayan kwanaki, ko zuciyarki tana bugawa sama da 120 a minti ba ta sauka, ko zazzaɓi, ko numfashi yana yi miki wuya, kada ki ƙara magani ki jira gari ya waye. Waɗannan na iya zama alamar ɗinkin tumbi yana yoyo ko jini ya daskare ya tafi huhu. Ki koma asibitin da aka yi miki aikin a wannan lokacin, ki kuma gaya wa duk wanda ya fara duba ki irin tiyatar da aka yi miki da ranar da aka yi ta.